WASIƘUN TSOFAFFIN SHUGABANNI: YADDA AKE GANE TA GASKIYA DA YADDA AKE TSARE TA

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon da ya gabata na kai ziyara Daura wurin wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya koyar da ni tun ina firamare. Bayan mun gama gaisawa sai ya aiki jikansa ya ɗauko wata tsohuwar adaka daga ƙuryar ɗaki. Ya buɗe ta, ya zaro wata takarda a ninke, ya miƙo mini yana cewa, "Dakta, kai da ka karanci ƙwari, dubi abin da suka yi mini." Wasiƙar ta'aziyya ce da wani tsohon shugaban ƙasar nan ya aiko masa lokacin rasuwar mahaifinsa. Gara ta shiga adakar ta ƙasa, ta cinye gindin takardar, ta tafi da rabin sa hannun. Na ce, "Malam, ai da an ɗora adakar a kan wani abu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi a zatonsa abin da ke cikin adaka ya riga ya tsira.

Wannan ziyara ita ce ta jawo wannan rubutu. Daura gari ne da ya fitar da shugaban ƙasa, wato marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a garin a 1942, ya shugabanci Nijeriya a mulkin soja daga 31 ga Disamba 1983 zuwa 27 ga Agusta 1985, ya sake shugabantarta a mulkin farar hula daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi masa sutura a Daura ranar 15 ga watan. Daga wannan rana babu sauran wata sabuwar wasiƙa da za ta fito da sa hannunsa. Waɗanda suke hannun jama'a su ke nan, sai dai su ragu. Haka abin yake ga wasiƙun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da Shehu Shagari da Murtala Muhammad da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tambayoyi biyu ne ke gaban duk mai irin wannan takarda ko mai son tara ta: shin ta gaskiya ce, kuma yaya za a yi ta daɗe? Kimiyya tana da amsar duka biyun.

Me ya sa ake tara irin waɗannan wasiƙu?

Jawabin da shugaba ya karanta a rediyo sau da yawa wasu ne suka tsara masa. Amma wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa, ko malaminsa, ko ɗan'uwansa, takan nuna halinsa da tunaninsa a lokacin da ba ya gaban jama'a. Shi ya sa masana tarihi suke ba ta muhimmanci. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa tara ta ya zama kasuwa mai zaman kanta. A watan Disamba na 2009 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wata wasiƙa da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa a 1787 game da tsarin mulkin ƙasar, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 3.

Masu wannan harka sun kasa wasiƙu kashi uku. Na farko, wadda shugaba ya rubuta da hannunsa daga farko har ƙarshe, ya kuma sa hannu. Ita ce mafi daraja. Na biyu, wadda magatakarda ya rubuta ko ya buga da tafireta, shugaba ya sa hannu kawai. Na uku, wadda aka buga da yawa aka rarraba, sa hannun ma bugawa aka yi. Wannan darajarta kaɗan ce.

Mu ma a ƙasar Hausa adana wasiƙun masu mulki ba baƙon abu ba ne. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Da waɗannan wasiƙu ne ake sanin abin da sarakuna suke faɗa wa juna a shekarun da Turawa suke matsowa. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ci gaba da riƙon irin wannan amana, manazarta da dama kuma sun ci moriyar taskarsa. A wancan zamani magatakarda ne yake rubutawa, hatimin sarki kuwa shi ne yake tsayawa a madadin sa hannu. A nan Daura, Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar kuma daga 1966 zuwa 2007. Duk abin da za a faɗa a nan game da wasiƙun shugabannin ƙasa ya shafi wasiƙun waɗannan sarakuna.

Sa hannu aikin ƙwaƙwalwa ne

Hannun ɗan Adam, in an haɗa da wuyan hannu, yana da ƙasusuwa 27, da tsokoki masu yawa da suke motsa su. Yaron da yake koyon rubutu yakan bi kowane harafi da ido da tunani. Amma idan mutum ya maimaita sa hannunsa sau dubbai, sai aikin ya koma hannun wasu sassa na ƙwaƙwalwa masu kula da motsin da aka saba da shi, cikinsu har da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Daga nan sai ya riƙa sa hannu cikin sauri, da jan alƙalami ɗaya, ba tare da tunani ba, kamar yadda mai keke ba ya tunanin yadda zai taka feda.

Abubuwa uku ne suke biyo bayan wannan. Na ɗaya, sa hannun gaskiya yana da sauri da santsi, layinsa yakan yi kauri a wani wuri ya yi siriri a wani, ƙarshensa kuma yakan ɓace a hankali domin alƙalamin yana tafe ne aka ɗaga shi. Mai kwaikwayo kuwa zane yake yi, idonsa na kan abin da yake kwafa. Idan aka duba aikinsa da madubi mai ƙara girma za a ga rawar hannu, da wuraren da ya tsaya, da inda ya koma ya gyara.

Na biyu, babu mutumin da zai sa hannu sau biyu su zo daidai ƙwarai da ƙwarai. Idan aka ɗora takardu biyu a kan juna aka ɗaga su sama wajen haske, aka ga sa hannun ya hau kan juna ba bambanci, to ko dai an bi sawun ɗaya ne aka zana ɗayan, ko kuma na'ura ce ta yi duka biyun. Akwai na'urar sa hannu da ake kira Autopen, wadda take riƙe alƙalami na gaske ta bi zanen da aka ba ta. Shugabannin Amurka sun daɗe suna amfani da ita wajen amsa wasiƙun jama'a, har ma a watan Mayu na 2011 Shugaba Barack Obama, yana Faransa, ya ba da izini aka sa wa wata doka hannu da ita. Alamarta ita ce nauyin layin ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma takan bar ɗan ɗigo a inda ta fara da inda ta tsaya.

Na uku, sa hannu yana tsufa tare da mai shi. Jijiyoyi da tsokoki sukan yi rauni, gani yakan ragu, wasu cututtuka kuma sukan sa rubutu ya ƙanƙance ko ya yi karkarwa. Buhari yana da shekara 41 a 1984, yana da 80 lokacin da ya sauka a 2023. Saboda haka wanda yake son tantance wasiƙa sai ya gwada ta da sa hannun da aka tabbatar na shekarun da aka ce an rubuta ta, kuma guda da yawa, domin ɗaya ba ta isa hukunci.

Shaidar takarda da tawada

Takarda kanta tana faɗin shekarunta. Yawancin takardun da malamai da sarakunan ƙasar Hausa suka yi amfani da su a ƙarni na 19 daga Italiya suke, fatake suka kawo su ta Tarabulus da Masar suka ƙetaro Sahara da su. Idan aka ɗaga irin wannan takarda wajen haske akan ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Takardar zamani kuwa tun daga shekarun 1950 aka fara zuba mata wani sinadari mai ƙara mata fari. Idan aka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita a banki, sai ta yi ƙyalli. Tsohuwar takarda ba ta yin haka. Kazalika biro bai shiga kasuwa ba sai a shekarun 1940, don haka wasiƙar da aka ce ta 1920 ce amma da biro aka rubuta ta, ta tona asirin kanta.

Irin wannan bincike ne ya fallasa wata babbar damfara a Jamus. A watan Afrilu na 1983 mujallar Stern ta ba da sanarwar cewa ta samo kundaye kusan 60 na abubuwan da Adolf Hitler ya riƙa rubutawa da hannunsa, bayan ta biya fiye da mak miliyan 9. Wasu masu duba rubutu sun riga sun amince da su. Da aka kai su ɗakin gwaji sai aka tarar da sinadarin ƙara fari a takardun, da zaren roba a ɗinkinsu, waɗanda ba a fara amfani da su ba sai bayan mutuwar Hitler a 1945. Wani mutum mai suna Konrad Kujau ne ya rubuta su, aka kuma ɗaure shi. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike, sai sanin tarihi. Ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai ranar 23 ga Satumba 1987. Kafin nan Daura tana cikin Jihar Kaduna. Haka nan fadar gwamnati ba ta koma Abuja ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. A 1984 shugaban ƙasa yana Barikin Dodan ne a Legas. To, idan aka kawo wa mutum wasiƙa mai kwanan watan 1984, amma adireshinta ya ce Daura a Jihar Katsina, ko kanta yana ɗauke da sunan fadar shugaban ƙasa ta Abuja, ba sai ya wahalar da kansa wajen duba sa hannu ba. Don haka ne ma ake son a adana ambulan tare da wasiƙa, saboda kan sarki da hatimin gidan waya shaidu ne masu wuyar ƙirƙira.

Maƙiyan takarda

Ga mai nazarin halittu, takarda ba wani abu ba ce illa tsiro da aka sarrafa. An yi ta ne da zaren auduga ko na itace, zaren kuwa sinadari ne da ake kira selulos, wanda ƙwayoyin sukari ne masu yawa da suka sarƙafu da juna kamar tsakiya a zare. Abin nufi, wasiƙar shugaban ƙasa abinci ce ga duk halittar da take iya warware wannan sarƙa.

Gara ce kan gaba. Wasu ire-irenta suna da ƙananan halittu a cikin hanjinsu waɗanda suke narkar musu da selulos. Masu gina manyan suri a dazuzzukanmu kuwa noma suke yi: sukan tauna itace da ciyawa su jibge a cikin surin, su shuka wani irin naman gwari a kai, shi ya ruɓar da abin, su kuma su ci. Sarauniyarsu takan yi dubban ƙwai a rana guda. Gara ba ta jure haske da busasshiyar iska, shi ya sa take gina 'yar hanyar laka a jikin bango ta bi ta ciki. Duk akwatin da ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango an shimfiɗa mata hanya ke nan. Abin da ya sami adakar Malam ke nan.

Bayan gara sai wani ɗan ƙwaro marar fiffike, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda yakan ruga idan aka buɗe tsohon littafi. Shi kankare fuskar takarda yake yi, yana neman sitaci da gam, har ya tafi da rubutun. Kyankyaso ma yana cin gam ya bar tabon kashinsa. Akwai ƙananan ƙwari masu kama da waɗanda suke huda hatsi a rumbu, tsutsarsu takan haƙa rami ta ratsa takardu da yawa. Ɓera kuwa yagar takarda yake yi ya shimfiɗa wa 'ya'yansa.

Sai fumfuna. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska koyaushe, ido ba ya ganinsu, jira kawai suke yi su sami laima. Idan damshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka, sai su tsiro, su saki wasu sinadarai masu narkar da zaren takarda, su bar tabo baƙi ko kore ko ruwan ƙasa. A ƙasar Daura wannan yakan faru ne a tsakiyar damina, musamman a watan Agusta, a ɗakin da yake yoyo ko wanda ba ya samun iska. Da hunturu kuma sai iska ta bushe ƙwarai, takarda ta yi ƙaƙas. Wannan kumbura da motsewa na kowace shekara yana gajiyar da zaren, musamman a kan layin ninki.

Maƙiyi na ƙarshe a cikin takardar yake. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace a maimakon tsummokaran auduga. Itace yana da wani sinadari mai suna liginin, wanda haske da iska suke mayar da shi ruwan ɗorawa, ga kuma asid da ya rage daga sarrafawa yana yanka sarƙar selulos a hankali. Shi ya sa jaridar bara takan fi wasiƙar zamanin Shehu saurin rugujewa. Zafi yana ƙara wa wannan aiki sauri: kowane ƙarin digiri 10 yakan ninka shi sau biyu ko fiye. Mai karatu ya tuna da zafin ɗakin kwano a watan Afrilu. Tawada ma iri-iri ce. Ta gawayi da ƙaro ba ta dushewa, amma ruwa yana wanke ta. Wadda aka haɗa da baƙin ƙarfe da 'ya'yan itace masu bauri irin su bagaruwa tana kama takarda sosai, sai dai da daɗewa takan cinye ta har harafi ya zama huda. Tawadar biro kuwa rana ce take kashe ta.

Yadda za a adana wasiƙa a gida

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi.

A warware wasiƙar a shimfiɗe ta, kada a ci gaba da ninkewa da buɗewa. A cire fil ko ƙusar da aka maƙala mata, domin tsatsa tana cin takarda. A sa ta tsakanin fararen takardu biyu masu kyau, kada a haɗa ta da guntun jarida.

A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan teburi ko kanta, nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A riƙa buɗewa ana dubawa, aƙalla kafin damina da tsakiyarta da bayanta, ana neman hanyar gara da garin takarda da warin fumfuna. Busasshen ganyen darbejiya, wadda wasu suke kira bedi ko dogon yaro, yana da sinadari mai korar ƙwari. A ƙulle shi a ƙyalle a ajiye a gefe, kada ya taɓa takardar.

Kada a kai wasiƙar a yi mata rufin ledar nan da ake gasawa da na'ura. Zafi da gam suna shiga zaren takarda, ba a kuma iya cire ledar ba tare da ɓarna ba, sa'an nan mai bincike ba zai ƙara samun damar gwada takardar ko tawadar ba. Haka nan kada a liƙe yagewa da salatef, kada a fesa mata fiya-fiya ko kananzir. Wanda yake son ya rataye ta a zaure don baƙi su gani, sai ya rataye hotonta, ya ɓoye ta ainihin daga haske.

Idan ƙwari sun riga sun shiga, masu kula da kayan tarihi sukan ƙulle busasshiyar takarda a leda su sa ta a firji mai daskarewa, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, har mako guda, sa'an nan su bar ta ta huce kafin su buɗe ledar. Wannan yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Amma inda wutar lantarki take yankewa gara a bar wa ƙwararru wannan aiki.

A ɗauki hotonta gaba da baya, har da ambulan, a ba 'yan'uwa biyu ko uku. Sa'an nan a sami wata takarda dabam a rubuta da fensir wanda ya aiko ta, da wanda aka aiko wa, da dalili, da hannayen da ta bi. Dattijon da ya san labarin ba zai dawwama ba, wasiƙar da ta rasa labarinta kuwa ta rasa rabin darajarta.

Kammalawa

Ya kamata a bambance tsakanin takardun ofis, waɗanda hakkin ƙasa ne, da wasiƙar da shugaba ya rubuta wa mutum a ƙashin kansa. Ita ta biyun mallakar wanda aka aika wa ce, amma amana ce, domin mai yiwuwa akwai sirrin wani gida a cikinta da bai kamata a baza ba sai da yardar iyalin. Wanda ya ga ba zai iya riƙon ta ba yana da inda zai nufa. Akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa harsashinta a Ibadan a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, mai reshe a Kaduna. Akwai Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Ana iya ba su ainihin takardar, ko a bari su ɗauki hotonta.

Kafin in bar gidan Malam mun ɗauki hoton abin da ya rage na wasiƙarsa, muka sa ta tsakanin fararen takardu, muka ɗora adakar a kan benci, jikansa kuma ya rubuta labarinta daga bakin kakansa. Rabin sa hannun da gara ta ci ba zai dawo ba. Ina roƙon mai karatu, musamman ɗalibanmu 'yan ƙasar Daura, duk wanda ya je gida hutu ya tambayi iyaye da kakanni abin da ke cikin adaka da gafaka, ya duba shi kafin ruwan bana ya sauka.